Curin Cindo da Bakin Hajiya Balbela

An taɓa yin wani buzuzu a wata gona da ke bayan gari, sunansa Cindo. Duk buzuzun duniya ƙafa shida gare shi, amma uwarsa ta ƙirga nasa ta ga abin mamaki ne, ta raɗa masa wannan suna. Ba wanda ya yi mata gardama, don mace ce mai faɗa.

Sana'ar Cindo ita ce ta kakanninsa, wato curin kashin shanu. Na san wasunku sun fara toshe hanci. Ku sauke hannuwanku. Aiki ne kamar kowane aiki, yana da gwanaye, yana da 'yan koyo. Sai an zaɓi kashin da bai yi ruwa ba, bai kuma bushe ba, a yanko, a dunƙule, a yi ta mulmulawa har ya zama ba gaba ba baya, sannan a mirgina shi zuwa gida.

Wurin mirginawar nan matsalar take. Buzuzu ba ya tura curinsa da kai. Juya masa baya yake yi, ya dasa goshi a ƙasa, ya ɗaga ɗuwawu sama, ya riƙa turawa da ƙafafun baya. Lokacin mulmula kuwa hancinsa na manne da curin, kuma curin ya fi shi girma. Saboda haka tunda Cindo yake bai taɓa tsayawa ya ga aikinsa gaba ɗaya ba. Abin da jama'a suka ce a kan curin, shi ne iyakar abin da ya sani a kansa.

Ga shi kuma Allah ya yi shi da zuciya mai laushi. Magana ɗaya in ta shige shi, sai ta yi kwana da kwanaki tana zagaya cikinsa.

Matarsa Tabawa ba haka take ba. Ita magana ba ta kwana a cikinta, ko tata ko ta wani. Kafin ka rufe baki ta mayar maka, har da ƙari.

A gonar kuma akwai wata balbela mai ji da farin jikinta. Ita ta sa wa kanta Hajiya, alhali ba wanda ya taɓa yi mata rakiya ko tarya. Aikinta ta hau tozon bijimi ta tsinci kaska, ta sauko ta gyara fiffike, ta nemi wanda za ta kushe. In tana maganar garken da take bi, "shanuna" take cewa. Sheƙarta kuwa 'yan ƙirare ne aka watsa a kan reshe, har kana hango ƙwanta daga ƙasa, amma ba ta son a tayar da wannan zance.

Tun bayan girbi mai gonar ya bar wa makiyaya wurin su sauka da shanunsu, shi ya sami taki, su su sami kara. Yanzu bazara ta yi nisa. Kowa ya san da zarar ruwa ya sauka makiyaya za su ɗaure kaya, mai gona ya zo da iri. In shanu suka tashi, kayan aikin Cindo sun tashi ke nan sai wata shekara.

Tabawa kuwa ga ta da ƙwai a ciki, har ba ta iya fita daga raminsu da ke gindin kalgo a ƙarshen gona. Ƙwan buzuzu a cikin curi ake saka shi, a binne. A nan yaro zai ƙyanƙyashe, curin ne ɗakinsa, shi ne kuma abincinsa. In babu curi, babu ɗa a bana.

Wata safiya Cindo ya cura wani babba, ya juya baya ya fara turawa. Yana cikin nishi sai ya ji murya daga sama.

"Kai, mai ɗuwawu a sama. Mene ne wannan kake ja?"

Cindo ya tsaya. "Curi ne, Hajiya, ranki ya daɗe."

"Curi," in ji Balbela. Ta karkata dogon wuyanta, ta duba ta nan, ta duba ta can. "'Yan uwa, ku zo ku ga curi."

Sauran balbelu suka taho suka kewaye shi, don su ma ba su da aikin yi.

"Gefen nan ya lotsa, wancan ya kumbura," in ji Hajiya. "Kamar kan jaririn da aka kwantar ta gefe ɗaya. Ni fa na yi yawo, na ga buzuzun kudu. Su in suka mulmula, har fuskarka kake gani a jiki. Kai wa ya koya maka?"

"Babana, Hajiya."

"Allah ya ji ƙansa. Bai gama ba ya rasu, ko?"

Balbelu suka tuntsure da dariya. Cindo ya ce a hankali, "Hajiya, ni ai ba na ganinsa. Da baya nake tafiya."

"Ai ka yi sa'a. Mu da muke gani mu muke shan wahala."

Cindo ya saki curin nan a tsakiyar gona. Ya koma gida ya ce wa Tabawa kashin yau bai yi kyau ba.

Kashegari ya sake fita. Hajiya ma ba ta iso ba tukuna, amma muryarta ta riga ta iso, tana zaune a cikin kunnensa. Ya shafa gefen hagu, ya ji kamar dama ta kumbura. Ya shafa dama, ya ji kamar hagu ta lotsa. Haka ya yi ta zagaye yana gyara abin da ba ya gani, har rana ta take, curin ya bushe ya tsage gida biyu.

A ranar da ta biyo baya aka ɗan yi yayyafi, ciyawa ta fara leƙowa, makiyaya suka fara kallon gabas. Cindo ko ƙofar rami bai leƙa ba.

"Maigida," in ji Tabawa, "ina curi?"

"Babu."

"Shanun ne suka daina kashi?"

"Na bar sana'ar," in ji Cindo. "Gobe zan je wurin tururuwa su ɗauke ni dako."

"Dako? Kai da ba ka taɓa tafiya gaba da kaya ba? Su yi gabas, kai ka yi yamma da hatsin mutane?"

"Zan koya."

"To ƙwan nan da ke cikina fa, a kan gammo zan saka shi?"

Sai Cindo ya buɗe baki, ya zayyana mata duk abin da Hajiya Balbela ta faɗa. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Har karkata wuya ya yi, ko da yake buzuzu ba shi da wuyan kirki.

Tabawa ta saurara har ya gama. "Ka haddace."

"Yaya ba zan haddace ba?"

"Madalla da ƙwaƙwalwa. To yanzu faɗa mini abu ɗaya mai daɗi da wani ya taɓa faɗa a kan curinka."

"Babu."

"Tun kafin in san ka kake curi. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda bakinsa ya kuskure ya yabe ka?"

"Ke ki faɗa mana, in kin sani."

"Ni ba maroƙiya ba ce. Kunnenka aka faɗa wa, ba nawa ba. Tono."

Cindo ya shiga tono. Sai ya tarar ashe zagi a bakin ƙofa ya ajiye shi, kullum yana tuntuɓe da shi, yabo kuwa yana can ƙuryar ɗaki an jibga tarkace a kansa. Ya daɗe yana lalube, Tabawa tana buga ƙafa.

"Akwai wata tururuwa," ya ce a ƙarshe. "Bara curina ya bi ta kanta. Ta tashi ta karkaɗe jiki, ta ce an sha taka ta a duniya, amma ba a taɓa taka ta da abu mai santsi haka ba."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Daga nan ta zagi uwata."

"Riƙe na farkon, ka bar mata na biyun. Sai kuma wa?"

Cindo ya sosa kai. "Wannan ba yabo ba ne sosai. Ranar da na kai wa Baba curin gaisuwa, lokacin ina neman aurenki, ya zagaya shi, ya shinshina, ya ce ba laifi."

Tabawa ta zaro ido. "Babana?"

"Shi."

"Ya ce ba laifi? Da bakinsa?"

"Haka dai na ji."

"Mutumin da aka kai masa albishir ɗin haihuwata ya ce, 'To'? Mutumin da ya rayu da uwata har ta rasu bai taɓa cewa abincinta ya yi daɗi ba? Shi ya ce maka ba laifi, ka zauna da wannan a ciki kana neman dako?"

Gaskiya Cindo ya ji daɗi a ranar, ya tuna har da baya-baya ya koma gida ko da babu curi a ƙafarsa. Ya rasa yadda aka yi ya manta.

"Akwai kuma wata Bafulatana mai tallan fura da nono," ya ce, yanzu ba sai an matsa masa ba. "Na gifta ta gabanta, ta sauke ƙwarya ta duƙa tana kallo. Sai ta taɓo ƙanwarta ta ce, dubi wannan ɗan ƙwaro, wallahi ya fi ki iya cura fura."

"Ƙanwar ta ce me?"

"Ta nemi ta take ni."

"Hassada ce, ita ma yabo ne," in ji Tabawa. "Yanzu gaya mini. In ka dasa goshi a ƙasa kana turi, bakinka me yake yi?"

"Ba komai."

"To shi ya sa kunnenka yake karɓar baƙi. Ba bakinka aiki. Mafarauta ma kirari suke yi wa kansu, rabinsa ƙarya. Kai naka duk an faɗa da gaske. Gobe ka fita da su, ka yi ta maimaitawa har ka kawo mini curi. In ka dawo babu shi, ka wuce wurin tururuwan kai tsaye."

Da gari ya waye, hadari ya haɗo a gabas, baƙi ƙirin. Makiyaya suna ta ɗaure tabarmi da ƙore a bayan jakuna. Ba sai an gaya wa Cindo ba, yau ce ranar ƙarshe.

Ya zaɓi kashi mai kyau, ya yanko, ya dunƙule. Da muryar Hajiya ta motsa a cikin kunnensa, sai ya ce da ƙarfi, "Ba laifi." Ya ji kunyar kansa, ya waiwaya ko wani ya ji. Ba kowa. Ya ci gaba da mulmula, bai kuma tsaya zagaye-zagaye ba. Ya juya baya, ya dasa goshi, ya ɗaga abin da ake ɗagawa.

"Ba a taɓa taka ta da abu mai santsi haka ba," ya ce, ya tura. "Ba laifi," ya tura. "Ya fi ki iya cura fura," ya tura.

Bai yi nisa ba Hajiya Balbela ta diro da jama'arta.

"A'a, ka dawo? Na ɗauka ka tuba."

"Ba laifi," in ji Cindo, ya tura.

"Mene ne ba laifi? Da laifi mana, ga shi nan a gefen hagu."

"Ya fi ki iya cura fura."

"Wa ya fi ni? Ni kake gaya wa fura? Ni na yi kama da mai talla?"

Cindo bai amsa ba, don ba da ita yake ba. Wannan shi ya fi ƙona mata rai. Mai kushe ya fi son a yi kuka, in ba a yi kuka ba a yi faɗa. Amma a wuce shi ana ƙunƙuni, wannan ba ya iya haɗiye shi. Ta bi Cindo taku bayan taku, wuya a miƙe, tana zuba.

Haka suka tafi har suka iso wata doguwar kunyar dawa da ta gitta gonar. Cindo ya fara hawa da baya, curin na samansa, nauyin duka a kan ƙafafunsa biyu. Ya kusa kaiwa ƙarshe sai ƙasa ta zame. Curin ya dawo ta kansa, ya mirgine shi, ya gangara kwari. Cindo ya faɗi rigingine, ƙafafu shida a sama suna harbin iska.

Balbelu suka yi dariya har wata ta ƙware.

Hajiya ta sunkuyo dab da shi. "Ni Tabawa nake tausayi," ta ce. "Mata suna auren maza, ita ta auri wannan. Ƙwan nan a ƙasa zai faɗi, tururuwa su yi buɗa-baki da shi."

Wannan ta shige shi har ƙashi. Ya ji kunya, ya ji tsoro, ya kuma ji tausayin ɗan da bai zo ba tukuna. Ya gwada cewa ba laifi, sai maganar ta fito masa sakayau. Me tururuwa ta sani? Surukin da ya ce ba laifi ya riga ya mutu. Bafulatana kuwa wataƙila ƙanwarta kawai take son tsokana. Ya kwanta yana kallon hadari, yana tunanin dako.

Can ƙasan tarkacen sai wani abu ya motsa, wanda ko Tabawa bai gaya wa ba, don shi kansa ya manta. Wata shekara ya ajiye curi a gindin sabara ya je shan iska. Da ya dawo sai ya tarar da wata zabuwa ta hau kai ta yi kwanci. Ya yi sallama, ta kore shi. Ya yi mata bayani, ta ce ita za a gaya wa ƙwanta? Wuni guda ta yi a kai tana lumshe ido, tana juya shi da baki. Da yamma da wari ya ishe ta ta tashi, har da waiwaye tana cewa amma dai kyakkyawa ne.

Cindo ya fashe da dariya, yana kwance rigingine a gaban masu yi masa dariya.

"Ya haukace," in ji wata balbela.

Dariyar ce ta girgiza shi har ƙafarsa ta kamo wata tushiyar dawa. Ya ja, ya juyo daidai. Ya tafi wurin curin ya laluba. Lalle gefen hagu ya lotsa, wannan kam gaskiya ne.

"Hajiya, nan kika ce?"

"Nan ɗin, da ko'ina ma."

"Nan ɗin dai na ji a hannuna. Na gode." Ya cike wurin, ya shafe, ya bar ko'ina ɗin a inda ta ajiye shi.

Hajiya ba ta saba a tsinci abin amfani a maganarta a zubar da saura ba.

Cindo ya sake juya baya. "Zabuwa ta yi kwanci," ya ce, ya tura. "Ba laifi," ya tura. Ƙasa ta so zamewa, ya kafe goshi. "Wuni guda ta yi a kai," ya tura da duk ƙarfinsa. Curin ya hau kan kunyar, ya ɗan yi jim, ya gangara ɗaya gefen, Cindo na manne da shi suna juyawa tare.

Daga nan zuwa gindin kalgo fili ne. Sai dai a tsakiyar filin akwai wata tsohuwar saniya mai ƙaho ɗaya, tana tsaye ba ta motsi. Tun ranar yayyafi take kwasar sabon tsiro ba ƙaƙƙautawa, kuma duk wanda ya san shanu ya san abin da sabon tsiro yake yi wa cikinsu. Tun safe cikin nata yake ƙugi.

Cindo bai san da ita ba, tunda ba ya ganin inda za shi. Ya shige ta tsakanin ƙafafunta na baya, ya tsinci kansa a inuwar cikinta. Hajiya kuwa idonta na kan curi, tana neman sabon aibi. Ta tsaya daidai bakin inuwar, ta sunkuyar da kai tana leƙo shi.

"Ka ɓoye a ƙarƙashin saniyata don kar in gani? Ai ko a duhu muninsa haske yake yi."

Cindo ba ya ganin inda za shi, amma inda ya baro tar yake gani. Ya ɗaga ido ya ga Hajiya, ya ga abin da ke saman Hajiya. Wutsiyar saniya tana ɗagawa a hankali.

"Hajiya," ya ce, "ɗan matsa gefe."

"Kai za ka ba ni umarni?"

"Ranki ya daɗe, dubi sama."

"Mai tafiya da baya ne zai nuna mini inda zan duba? Ban gama magana ba. Na ce gefen dama kuma..."

Ba ta ƙarasa gefen dama ba. Saniya ta saki abin da ta tara.

Ba zan tsaya yi muku bayani dalla-dalla ba, don wataƙila wani yana cin abinci. Ku dai sani cewa daga ƙoƙon kai har zuwa farce, babu inda fari ya rage. Bakinta ma a buɗe yake lokacin.

Sauran balbelu suka ja da baya. Ɗaya ta ce, "Wace ce wannan?" Wata ta ce ita dai ba ta san ta ba. Suka tashi fir, suka bi garken da ya fara tafiya.

Hajiya ta buɗe fiffike za ta bi su, fiffike ya ƙi. Ta yi tsalle, ta dawo daɓas.

Kafin ta yi wani yunƙuri, labari ya kai ga buzuzun gonar ta hanci. Suka fito daga ramuka, manya da ƙanana, suka kewaye ta. Wani dattijo a cikinsu ya gyara murya.

"Hajiya, don Allah kar ki motsa. Kayan aiki ne a jikinki, kuma yau ce ranar ƙarshe."

"Ku tafi ku ba ni wuri."

"In mun tafi, haka za ki bushe. Gobe sai dai mai gona ya fasa ki da fartanya."

Hajiya ta yi tunani. Ta sunkuyar da dogon wuyan nan. "Ku fara da ido," ta ce a hankali.

Suka hau ta suna kankara, suna yaba laushin kaya, suna cewa ba su taɓa ganin balbelar da ta yi amfani irin wannan ba.

Cindo ya so ya tsaya kallo. A matsayinsa na mai sana'a ma ya ji zafin barin kaya irin wannan. Amma ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo masa a ɗuwawu, ya tuna abin da ya fito yi. Ya dasa goshi ya ci gaba, bakinsa na aiki, har ya ji curin ya daki saiwar kalgo.

Tabawa ta fito da ƙyar. Ba ta ce sannu ba. Ta zagaya curin, ta danna shi da ƙafa, ta shinshina. Cindo ya tsaya gefe, ya fi jin tsoron wannan shiru a kan duk surutun Hajiya.

"Kama mu shigar," ta ce.

Suka ja shi cikin rami. Ta huda saman, ta saka ƙwanta, ta liƙe, ta shafe wurin da kyau. A waje ruwa ya kece. Can nesa suna jin kukan shanu yana raguwa. Suka tura ƙasa suka rufe curin, wanda ba mai sake ganinsa, ko Cindo ko wani.

Tabawa ta kwanta ta juya masa baya. Can ta ce, kamar da bango take magana, "Yaron da zai tashi a cikin wannan ba zai san yunwa ba."

Leɓen Cindo ya fara motsi.

"Me kake yi kuma?"

"Ajiyewa nake yi."

"To ajiye a inda za ka gani," in ji Tabawa. "Ba kullum nake da irinta ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda yake ƙirƙirar wani abu, ko zane, ko waƙa, ko saƙa, ko rubutu, da baya yake tura aikinsa, ba ya ganinsa yadda wasu ke gani. Zagi ba ya bukatar ka ajiye shi, da kansa yake neman wurin zama. Magana mai daɗi kuwa in ba ka adana ta da gangan ba, ranar da kake kwance rigingine za ka neme ta ka rasa. Saboda haka in wani ya yaba aikinka da gaske, ko da ba laifi kawai ya ce, riƙe ta, ka fito da ita ranar da ƙafafunka suka yi sanyi. In mai kushe ya nuna maka inda ya lotsa, gyara wurin, ka bar masa sauran. In kuma kai ne mai bin mutane kana kushe abin da ba ka iya ba, to ka riƙa ɗaga kai lokaci-lokaci ka duba a ƙarƙashin me kake tsaye.